Motar da ke Mutuwa Tana Tashi: Yadda Ake Kama Ciwonta a Hanyar Mai Yara

Motar da ta mutu murus ba ta cika ba makaniki wahala ba, domin ciwon yana nan zaune yana jiransa. Mai cinye kuɗin mutum ita ce wadda za ta mutu yau a tsakiyar hanya, a jira ta rabin awa ta tashi kamar ba ita ba, ta yi kwana uku lafiya lau, ran kasuwa kuma da an cika ta da buhunan gero ta sake. In an kai ta gareji a Dakoro ko Maraɗi sai ta yi ta aiki sumul a gaban makaniki. Shi kuma ba zai so a ce ya kasa ba, sai ya wanke kafireta, ya canza buji, ya karɓi kuɗin aikinsa. Bayan kwana biyu ga ta nan tsaye cikin rairayi, mata da yara na neman inuwa.

A ƙaramar hukumar karkara irin Mai Yara abin ya fi ciwo. Tsakanin Maraɗi da Dakoro kusan kilomita 120 ne, kuma da zarar an sauka daga kwalta babu sauran gareji mai kayan awo, sai rairayi da gargada. Motocin da ke ɗaukar jama'a da gero da wake da bisashe a wannan yanki tsofaffi ne: Land Cruiser da Hilux masu buɗaɗɗen baya, Hiace, ƙananan Toyota da suka gama zamaninsu a Turai, da ragowar Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975. Wannan tsufa yana da alherinsa. Kusan duk abin da ke kashe irin waɗannan injuna ana iya gano shi da ido da kunne da hanci, da farar kwalba da guntun tiyo. Sharaɗin ɗaya ne: a duba a daidai lokacin da motar ta mutu. Da injin ya huce, shaidar ta gudu. Saboda haka direba ne makanikin farko, ko da bai taɓa riƙe sifana ba.

Yadda ta mutu

Injin fetur mai ne da iska da wuta. In ya tsaya, ɗaya daga ciki ya yanke, kuma kowanne da irin mutuwarsa.

Wadda mai ya yanke mata tana mutuwa a hankali. Ƙarfi ya fara raguwa, ta yi fizga, ka taka totur ta ɗan farfaɗo ta sake shaƙewa, wani lokaci ta yi tari ta bakin kafireta, sannan ta tsaya. Yawanci tana yin haka ne inda ake buƙatar mai da yawa: hawan tudu, rairayi mai zurfi, kaya mai nauyi. Wadda wuta ta yanke mata kuwa ɗif take ɗaukewa, kamar wani ya kashe makulli. In motar tana da agogon juyin injin, ka kalle shi a wannan daƙiƙa. Allurar da ta faɗi ƙasa nan take alhali mota na gangarawa cikin giya, wuta take nunawa. Ka kalli fitilun gaban direba kuma. In injin ya mutu suka kama, lantarki na zuwa. In ko ɗaya bai kama ba, nemi ciwon a makulli, ko kan batir, ko babbar waya.

Akwai mutuwa ta uku, ta ƙoshi. Baƙin hayaƙi a salansa, warin fetur ya cika mota, injin ya yi ta gurnani kafin ya tsaya. Wannan mai ne ya yi yawa. Akwai kuma wadda ke gudu lafiya, amma da ka ɗaga ƙafa za ka sauke fasinja sai ta mutu. Ita ciwonta na wajen silo ne, wato juyin injin in ba a taka totur ba, kada a taɓa tanki saboda ita.

Sai tambayoyin da ya kamata direba ya riƙe amsarsu. Da sanyin safiya take yi ko sai rana ta take? Bayan tafiyar minti nawa? Tanki na cike ko ya yi ƙasa? An sha mai a sabon wuri jiya? Tana yi a kwalta ko sai an shiga gargada? Mafi muhimmanci, tsawon wane lokaci ake jira kafin ta tashi? Wadda ke tashi bayan minti biyu ko uku, sau da yawa datti ne ya toshe bakin bututu a cikin tanki, da famfo ya daina zuƙa sai ya saki ya koma ƙasa. Wadda sai ta huce sosai, minti ashirin ko talatin, zafi ne ke kama wani abu, ko bobin, wanda makanikan Kano ke ce wa kwayil, ko famfo ko man kansa. Wadda ke mutuwa a gargada ta tashi nan take, waya ce ta saki.

Minti biyar na farko

Ka fitar da mota daga hanya, ka ja birkin hannu. Kada ka yi ta murza makulli, batir kawai za ka kashe, kana kuma goge shaida. Ka sa fasinjoji su matsa nesa, mai taba ya kashe tabarsa, mai shayi ya ɗauke gawayinsa can gefe. Yaron mota ya tara rairayi kusa, domin ba a kashe wutar fetur da ruwa.

A motar kafireta, cire murfin matatar iska, ka leƙa cikin maƙogwaron kafireta, injin a kashe. Ka ja hannun totur da yatsa sau ɗaya har ƙarshe. In akwai mai, za ka ga wani siririn zare na fetur ya tsarto daga gefe, ya bugi bangon maƙogwaron da ƴar ƙara, wari ya taso maka. In ba ka ga komai ba, ko ya ɗigo sau ɗaya ya tsaya, kwanon kafireta ya bushe, mai bai iso ba. Kafiretar Toyota da yawa, irin ta injin 22R na Hilux, tana da ƴar taga ta gilashi a gefen kwanon. Goge ta da babban yatsa. Mai ya kamata ya tsaya a tsakiyarta. In babu, yunwa ce. In ya cika ta har sama, ƙoshi ne.

Mayar da murfin, ka tabbata ba fetur a zube, sannan ka gwada wuta. Zare wayar buji ɗaya, ka sa mata wani buji na ajiya, ka kwantar da ƙarfensa a jikin injin, ka janye hannunka. Ka ce wa yaro ya murza.

"Maigida, in ƙara?"

"Ƙara sau ɗaya, ka saki."

Tartsatsi shuɗi mai ƙara ƙyas-ƙyas lafiya ne. Ja-ja mai rauni, ko wanda ke zuwa yana ɗaukewa, ko babu sam, ka san inda za ka nufa. Da rana tsaka ba ya ganuwa sosai, ka yi masa inuwa da hula. A motar da wutarta ta lantarki ce, kada a murza makulli waya na reto ba ta taɓa ƙarfe ba, hakan na iya ƙona akwatin wutar.

Na uku, je ka buɗe murfin tanki a hankali, kunnenka kusa. Tanki yana buƙatar numfashi. Gwangwanin madara da aka huda wuri ɗaya ba ya zuba sai an ƙara masa huda ta biyu, haka tanki yake: mai na fita, dole iska ta shiga. Ƙofar iskar ƙarama ce, a murfi take ko a wani siririn tiyo, ƙurar hunturu da laka na toshe ta, wani lokaci ma zanzaro ya yi gini a bakinta. In ta toshe, famfo na ja har ya gaji, mota ta mutu bayan tafiyar da kusan kullum tsawonta ɗaya ne. A kula dai, ba kowane huci ne shaida ba. Da bazara tanki kan hura iska waje in an buɗe, wannan ba laifi. Wanda ake nema shi ne na zuƙa ciki, murfi yana maƙalewa, wani lokaci ka ji ƙarfen tanki ya yi ƙwas yana komawa daidai. In mota ta tashi bayan wannan, sassauta murfin, ka ɗaure shi da tsumma mai tsabta saboda ƙura, ka ci gaba. In ta wuce inda ta saba mutuwa, ka kama ɓarawon ba ka kashe ko dala ba.

Abin da ke cikin tankin

A ganina fiye da komai, man da ake zubawa shi ke jawo wannan ciwo a karkara, kuma shi ne ba a cika tuhuma ba. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a Nuwamba 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin SONIDEP na rarrabawa. Duk da haka shekara da shekaru man Najeriya mai rahusa, wanda ake kira ruwa-ruwa, shi ke cike kwalabe da jarkoki a ƙasar Maraɗi, har ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaba Tinubu na Najeriya ya ce tallafin mai ya ƙare. Daga nan kowa ya koma kan man gida, matatar kuma ba ta iya cika buƙata, abin da ya kai ga dogayen layukan mai na watan Maris 2025. Ga mai tsohuwar mota ma'anar wannan a fili take: lokacin ƙarancin mai ake kwashe gindin duro, a zuba abin da a da ake zubarwa.

Ban ga laifin mai sayar da mai a kwalba ba. Inda babu gidan mai, shi ne gidan man. Amma litar da ta iso ƙauye ta bi ta duro da jarka da mazurari da kwalba, kowanne ya ba ta tasa gudummawa ta tsatsa da yashi, da damina kuma har da ruwa.

Gwajin ba wuya. Samo farar kwalba busasshiya. Zare tiyon da ke shiga filta, ko ka kwance ƙusar gindin tanki in akwai, ka tari kamar kofin shayi biyu. Ajiye ta a inuwa minti biyar, sannan ka ɗaga ta saitin haske ka karkata. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba sa gauraya. Za ka gan shi a gindi, ƙwallo-ƙwallo masu sheƙi suna mirginawa, in yana da yawa kuma ya kwanta da layi a tsakaninsu kamar an ja da alƙalami. Tare da shi za ka ga jan gari, tsatsa ke nan. Wannan ruwan a gindin tanki yake kwance, shi ya sa mota ke tafiya lafiya a kwalta, da an shiga gargada ko an hau tudu ya gangaro bakin bututu ta shaƙe. In kana zargin an gauraya fetur da kananzir ko gazuwal, ɗiga shi a farar takarda. Fetur zalla yana bushewa bai bar tabo ba, gauraye yana barin maiƙo.

Tace mai da ƙyalle yana tare yashi, ba ya tare ruwa. Maganin ruwa shi ne a bar jarka ta zauna, a zuba a hankali, a bar na gindin.

Daga nan sai filta. Cire ta, ka buga bakin da mai ke shiga a kan farin tsumma, ka karanta abin da ya fito. Jan gari daga tanki yake. Baƙaƙen ɓarɓashi masu laushi, tiyo ne ke ruɓewa ta ciki ko da wajensa na da kyau. Yashi kuwa ta bakin tanki ya shiga. Filtar da ta toshe rabi tana barin man silo ya wuce, ta hana na hawan tudu, shi ya sa ake rantsuwa cewa mai na zuwa. A motar kafireta ka sa filtar roba mai haske tsakanin tanki da famfo, kibiyarta na kallon injin, domin ka riƙa ganin abin da ke tafiya.

Gwajin jarka shi ke raba gardama. Zuba mai mai tsabta a ƙaramar jarka, ka zare tiyon da ya taso daga tanki a bakin famfo, ka haɗa famfon da jarkar ta sabon tiyo. Ɗaure ta da kyau nesa da salansa da batir, ka yi tafiya irin wadda ke kashe motar. In ciwon ya ɓace, yana baya: tanki, rariyar cikinsa, ko bututu. In bai ɓace ba, ɗaga jarkar sama da injin ka haɗa ta da kafireta kai tsaye, famfo ba ya cikin lissafi, bayan ka cire masa tiyon tanki don kada ya yi ta feso mai. In ta gyaru, famfo ne. Motar da ke da bututun mayar da mai za ta kwashe jarkar cikin ɗan lokaci zuwa tanki, kada wannan ya ruɗe ka. Abin da nake roƙo shi ne a tsaya a gwaji. Ana ganin motocin da jarka ta zama tankinsu na dindindin, a ƙafar fasinjan gaba, wata da watanni. Mota cike da mutane, fetur a buɗe kusa da wayoyin da aka ɗaure da leda, wannan kasada ce da ran bayin Allah.

In ciwon na baya ne, shiga ƙarƙashin mota ka bi bututun da hannu. Kututture kan matse na ƙarfe. Guntayen tiyon da ke haɗa shi kan tsage, kuma tsagar da ke gefen zuƙa ba ta ɗigar da mai, iska take sha, don haka ba za ka ga jiƙa ba. Lanƙwasa kowanne ka duba. In ka buɗe murfin tanki ka hura iska ta bututun da famfon taya, ka ji ɓulɓul, mota kuma ta tashi, ka ture dattin ne kawai, zai dawo. Sai an sauke tanki an wanke. Kada kowa ya kusanci tankin da wutar walda ko fitilar aci-balbal. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururi ne ke fashewa.

Famfo da zafin bazara

Famfon tsohuwar mota a jikin injin yake. Wani hannu na motsa fatar roba sama da ƙasa, ƙananan ƙofofi biyu na buɗewa suna rufewa. Ƙarfinsa kaɗan ne, matsin wajen bar 0.2 zuwa 0.3. Don gwada shi, cire siririyar wayar da ke kai wuta bobin, ka sa tiyon fitar mai a kwalba, a murza makulli. Lafiyayye na tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Mai ciwo na dalala, ko ya haɗo da kumfa. Zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. In ka ji fetur, ko ka ga baƙin mai na ƙaruwa da kansa, fatar famfon ta huje tana zuba cikin injin. Canza famfo, ka canza baƙin man tare, in ba haka ba injin ne zai biya.

A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, kuma sassa mafi sauƙi na fetur suna fara tafasa kusa da nan. Cikin rairayi kana giya ta ɗaya ko ta biyu, injin na ihu, iska ba ta shigowa ta gaba. Man da ke cikin bututu ya zama tururi, famfo kuma ruwa ya iya turawa. Alamarsa ita ce mota ta mutu bayan doguwar fama da yashi, ko ka tsaya minti goma ta ƙi tashi. Jiƙa tsumma ka lulluɓe famfon da bututun da ke zuwa kafireta. In ta tashi cikin ƴan mintuna, zafi ne. Kada a sheƙa ruwa a kan injin ko bakin salansa mai zafi, ƙarfe na tsagewa. Direbobi da yawa sun san dabarar tsumma, kaɗan ne ke tambayar dalilin da ya sa tasu ke yi ta maƙwabci ba ta yi. Sau da yawa wani ya taɓa canza famfo ya yar da kaurin faifan da ke raba shi da zafin injin, ko an bi da tiyo kusa da salansa, ko lagireto ya toshe, ko famfon ne ya tsufa.

Kafireta ita ce ta ƙarshe da za a buɗe, ko da yake ita ake fara buɗewa. In mai na isowa da ƙarfi amma kwano na bushewa ko yana ambaliya, duba allurar bakin shiga da fulotar da ke rufe ta. Girgiza fulota kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ta huje. Ƙananan ƙofofin mai da iska ake busa su. Wayar da ake zura musu tana faɗaɗa su, mota ta koma shan mai har abada. Mai mutuwa a silo, duba ƴar na'urar da ke gefen kafireta mai waya ɗaya: a kunna makulli, ka cire wayar ka mayar, dole ka ji ƙyat. Duba kuma siraran tiyon iska da gindin kafireta, ko gargada ta sassauta ƙusoshi. Wadda ta ƙoshi kuwa, taka totur har ƙasa ka riƙe, ka murza, kada ka yi ta famfa shi.

In wuta ce

Bobin da ya tsufa yana aiki da sanyi, ya yanke in ya yi zafi. Taɓa shi da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, amma wanda ba ya taɓuwa, ko yake tsatso mai, abin zargi ne. Wani bobin an yi shi ne ya yi aiki tare da ƴar farar na'urar rage wuta, in aka haɗa shi kai tsaye zai yi ta dahuwa. Kwandansa ma haka take yi da zafi, alamarta kuma ita ce bakin kwantak da ke cikin dalko, mai rarraba wuta ga buji, ya ƙone ya yi rami. Tazarar kwantak a yawancin waɗannan injuna tsakanin milimita 0.4 ne da 0.45. Cikin dalko akwai wata siririyar waya da ke lanƙwasa duk lokacin da farantin kwantak ya motsa, tana karyewa a cikin rigarta ba a gani. Ja ta a hankali, in ta miƙe kamar roba ta karye. Da damina murfin dalko mai tsaga yana tara raɓa.

Don waya mai saki, bar injin a silo ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya kana girgizawa: kan batir, wayar da ta haɗa injin da jikin mota, akwatin fis, bayan makulli. Girgiza makullin kansa, musamman in an rataya masa tarin makullai da laya. Ban da wayoyin buji, kuma a kula da fanka da hannun riga. Dabarar da na fi so ita ce ta ƙwan fitila. Haɗa ƙaramin ƙwai da doguwar waya zuwa bakin bobin mai alamar tarawa, ɗaya gefen a ƙarfen mota, ka ajiye shi inda kake gani. Ranar da mota ta mutu, in ƙwan ya mutu tare da ita, wutar ba ta iso ba, nemi makulli da wayarsa. In yana ci, ciwon na gaba, a bobin ko dalko.

Masu nozul da masu gazuwal

Corolla da Carina da Golf da ba su da kafireta, famfonsu na lantarki ne, galibi a cikin tanki, ƙarfinsa wajen bar 3. Kada a sa musu filtar roba, kada a zare tiyo sai an lulluɓe shi da tsumma, kuma gwajin jarka daga sama ba ya aiki a kansu. Da ta mutu, sa kunne a bakin tanki a kunna makulli. A motoci da yawa za ka ji famfo ya yi zuu na daƙiƙa biyu. Tsofaffin Toyota da dama ba sa yi sai ana murzawa, amma akwai ƙaramin akwatin bincike kusa da injin, in ka haɗa +B da FP da guntuwar waya famfo zai tashi. In shiru, buga gindin tanki da tafin hannu ana murzawa. In ta tashi, famfo ya kusa ƙarewa. In sai an ƙwanƙwasa rile, ƴar na'urar da ke kunna famfon, take tashi, rilen ne, kuma ya fi famfo araha nesa ba kusa ba, don haka a fara da shi. Man da ke tanki shi ke sanyaya famfon nan. Al'adar zuba lita biyu-biyu, wadda rashin kuɗi ke tilastawa, ita ke gajarta masa kwana.

A wannan akwati dai, in ka haɗa TE1 da E1 ka kunna makulli, fitilar injin za ta yi ƙyafce-ƙyafce, ka ƙirga. Lamba 12 ko 13 na nufin kwamfutar motar ta rasa labarin juyin injin, 14 kuma akwatin wuta. Kada a cire kan batir kafin a karanta, yana goge abin da ta riƙe. Motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 sai da na'urar karatu, wannan aikin Maraɗi ne.

Injin gazuwal, kamar 1HZ mai silinda shida da Land Cruiser ke ɗauke da shi tun 1990, ba ruwansa da buji ko bobin. Masu kashe shi iska ne da ruwa da waya ɗaya. A kan filtarsa akwai famfon hannu. Danna shi. In ya yi laushi ya daɗe bai yi tauri ba, iska ta shiga, sau da yawa ta robar famfon hannun kansa ko zoben filta. In ka tarar ya lotsa ciki ya ƙi tasowa, hanya ta toshe daga tanki. Sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da babban famfo, kumfa za ta nuna kanta. Motar da ke tashi da safe ta mutu bayan minti ɗaya, iska ce ta shiga cikin dare. A gindin filta akwai abin kwancewa na zubar da ruwa, da damina a riƙa buɗe shi duk mako, kada a jira fitila ta kama. Wayar kuwa ita ce mai zuwa na'urar da ke buɗe mai a jikin babban famfo. In ta saki, injin na ɗaukewa ɗif. Babban famfon kansa ba a buɗe shi a gindin bishiya, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata shi. Kada kuma a laluba yoyon bututun nozul da yatsa injin na aiki, man na iya huda fata.

In an isa gareji

Kai wa makaniki labari cikakke da kwalbar da ka tara. "Malam, ta mutu a hankali bayan mun fita rairayi, na leƙa kafireta ba mai, wuta na nan shuɗiya, na sa tsumma ta tashi." Makanikin kirki zai ji daɗin wannan, domin ka rage masa rabin aiki. Ka roƙe shi ya canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. In an canza buji da bobin da famfo rana guda, ko ta gyaru ba ka san wanne ne ba, in kuma sabon kayan jabu ne ka ƙara ciwo a kan ciwo. Kayan da ake samu a Maraɗi ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano akwai nagari akwai na banza, kuma sabuwar kwandansa ko rile na iya zuwa a mace. Don haka karɓi tsohon kayanka ka ajiye a mota, tare da filta biyu, tiyo mita ɗaya, buji, fis da ƙwan gwaji.

Kada ka yarda an gama don injin ya yi silo mai daɗi a inuwar gareji. Ɗora mata kaya irin wanda ta saba ɗauka, ka fita da ita bayan azahar lokacin da rana ta fi zafi, tanki a daidai inda yake ranar da ta mutu, ka bi hanyar rairayin nan har ka wuce wurin da nisa. In makanikin zai yarda, tafi da shi.